Sunan da aka kira bai amsa ba: bin sawun kuskuren AutoLISP a wani ofishin awon fili a Garwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da ƙaramin ofishin awon filaye a nan Garwa. Aikinsu su je su auna fili, a dasa turakun siminti a kusurwoyinsa, su dawo su zana taswirar da za a haɗa da takardun neman titir fonsiye, wato takardar da hukuma a Kamaru take ɗauka a matsayin shaidar mallakar ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar gado a kan taku biyu na fili ya san nauyin lambobin da ke kan irin wannan taswira.

Shekaru da dama ofishin yana tafiya ne a kan wani ɗan rubutun umarni na AutoLISP, wato harshen da ake ba manhajar zane ta AutoCAD umarni da shi, wanda tsohon mai zanensu ya rubuta kafin ya koma Njamena da zama. Fayil ɗaya ne, sunansa BORNES.LSP. Ka buga BORNES a layin umarni na AutoCAD, ka nuna masa fayil ɗin lambobin da aka sauke daga na'urar awo, sai ya zuba turakun a mazauninsu, ya raɗa musu B1, B2, B3, ya zagaye su da layi ɗaya rufaffe, ya lissafa faɗin filin, sannan ya zana teburin da ke ɗauke da X da Y na kowane turke, da tsawon kowane gefe, da fuskar da ya dosa. Garwa tana cikin yanki na 33 na UTM, tsarin da ke raba duniya yanki-yanki don ba kowane wuri lambar X da Y, kuma lambar Y ɗinmu ta haura miliyan ɗaya. Mutum ya zauna yana buga lamba bakwai da ɗigo da hannu har sau talatin a zafin watan Afrilu, ko ba jima ko ba daɗe sai ya juya biyu daga ciki. Shi ya sa wannan ɗan fayil ya fi firintar ofishin daraja, ko da yake babu wanda ya taɓa buɗe shi ya ga abin da ke ciki.

Tsohuwar kwamfutar mai AutoCAD 2010 na Faransanci ta fara mutuwa da kanta, ƙura da zafi sun gama da ita. Kawu ya sayo sabuwa, aka sa mata AutoCAD 2019. Yarinyar da ke koyon aiki a wurinsa ta kwafo BORNES.LSP a kile, wato ɗan ma'ajin nan na USB, ta saka shi cikin jakar nan ta APPLOAD da ke loda fayil a kowane zane, ta buga umarnin. Ga abin da ya fito:

; erreur: no function definition: ACET-UI-PROGRESS

Da la'asar Kawu ya kira ni. "Ɗana, an sayar mini da manhaja mai ciwo. Ka zo ka goge ta a sake sakawa." A hannunsa akwai taswirar wani fili a hanyar Pitowa da mai shi ke jira.

Abin da saƙon yake faɗa

Na ce masa, "Kawu, a bar gogewar nan tukuna. Ba ta ce ba ta da lafiya ba, cewa ta yi an kira wani suna ba ta san mai shi ba."

AutoLISP ya shigo AutoCAD ne a watan Janairun 1986, a siga ta 2.18, an gina shi a kan XLISP na David Betz, kuma ƙa'idarsa ta asali ba ta canja ba har yau. Duk inda aka buɗe baka, kalmar farko da ta biyo baya ana ɗaukarta sunan wani aiki ne da za a aiwatar. Masu Faransanci fonksiyo suke cewa. Ni idan ina bayani ɗan aike nake ce masa, domin haka yake: yana da suna, a kira shi, a damƙa masa abu, ya je ya dawo da amsa. Wasu 'yan aiken da manhajar aka haife su. Wasu sai an shigo da su daga wani fayil. Saƙon nan abu ɗaya tak yake faɗa, cewa a wannan lokacin, a cikin wannan zanen, sunan nan babu kowa a bayansa. Bai ce ɗan aiken ba ya cikin kwamfutar ba, bai kuma ce manhajar ta lalace ba. Tambayar da ta rage wa mai gyara ita ce: ɗan gidan wa ne, kuma wa ya kamata ya shigo da shi?

Farkon sunan kan nuna gidan. Duk mai farawa da ACET na Express Tools ne, tarin ƙarin kayan aikin da a waɗannan sigogin ake iya tsallakewa lokacin saka manhaja. Wanda ya saka wa Kawu ya tsallake su. Shi ACET-UI-PROGRESS ba ya taɓa lissafi ko kaɗan, ɗan zirin nan ne kawai da ke cika a ƙasan allo don mutum ya ga aiki na tafiya. Ana iya ƙara Express Tools ɗin, amma faifan sakawar ba ya ofis, don haka na sa sharaɗi a gaban wurare ukun da ake kiransa: in yana nan a kira shi, in ba ya nan a wuce. A AutoLISP sunan da ba shi da komai nil yake bayarwa, wato wofi, kuma sharaɗi yana ɗaukar nil a matsayin a'a.

Muka sake bugawa. Turaku suka zuba, layi ya zagaye su, sai aiki ya tsaya a kan wani sunan, VLAX-ENAME->VLA-OBJECT. Wannan sananne ne. Masu farawa da VLA, VLAX da VLR sun zo ne tare da Visual LISP, wanda aka haɗe shi cikin AutoCAD 2000, kuma ba sa tashi sai an tashe su da layi ɗaya:

(vl-load-com)

Na sa shi a saman fayil ɗin. Faɗin fili ya fito. Duka biyun ba su ci minti ashirin ba, har Kawu ya aika a sayo mana shayi.

Na uku shi ne ya cinye mana kwana uku.

GISEMENT

; erreur: no function definition: GISEMENT

Wannan suna ba shi da alamar kowane gida. Ba DOS_ ba ne balle a ce na tarin 'yan aiken DOSLib ne, ba LM: ba ne balle a nemo shi a shafin Lee Mac, wani sanannen mai rubuta AutoLISP. Kalmar Faransanci ce ta masu awo, kuma da ganinta ka san mutum ne ya zauna ya rubuta abinsa. Na bincika BORNES.LSP daga sama har ƙasa. Ana kiran GISEMENT a wurin zana tebur, amma babu inda aka ƙirƙire shi da defun, kalmar da ake ƙirƙirar sabon ɗan aike da ita.

A nan ne mutum kan ji kwaɗayin gajeriyar hanya, kuma ina so in tsaya a kanta domin na ga masu ba da wannan shawara. Sukan ce ka rubuta ɗan aike na wofi mai wannan sunan don kuskuren ya yi shiru, ko ka rubuta naka yadda ka fahimta. Ga zirin da ke cika a ƙasan allo, babu laifi. Ga GISEMENT kuwa ganganci ne. Masu awon da suka yi karatu a tsarin Faransa suna auna fuskar layi ne daga arewa, suna bin juyin agogo, kuma da girad suke ƙirga, inda da'ira take 400, ba 360 ba. Shi kuwa ɗan aiken AutoLISP mai suna angle daga gabas yake farawa, yana saɓa wa agogo, da radiyan kuma yake ba da amsa. Juya wannan zuwa wancan ba wuya: ka ninka da 200, ka raba da pi, ka cire abin da ya fito daga 100, in ya faɗi ƙasa da sifili ka ƙara 400. Zan iya rubuta shi a layi huɗu. Amma ban san ko lamba nawa tsohon yake bari bayan ɗigo ba, ban san ko lamba yake mayarwa ko rubutu ba, ban san ko akwai wani gyara da yake yi a ciki ba. Da na yi kuskure, tebur zai fito tsaf, babu jan rubutu, babu gargaɗi, a buga masa hatimi ya tafi kadastir, ofishin hukuma mai ajiye taswirorin filaye. Kuskuren da ya tsayar da aiki ya yi maka alheri a kan wanda ya bar ka ka wuce.

Saboda haka muka koma kan tsohuwar kwamfutar. Muka buɗe murfinta, muka kafa mata fanka, ta yarda ta tashi. Na buga wannan:

(findfile "acad.lsp")

Ta nuna mini wata folda a cikin hanyoyin da AutoCAD ke dubawa. Ga acad.lsp nan, kuma a cikinsa ga GISEMENT da wasu 'yan aike shida. Layin farko na fayil ɗin kuwa vl-load-com ne, abin da ya bayyana dalilin da kuskure na biyu bai taɓa fitowa a tsohuwar ba. Ashe abin da ofis ke ɗauka fayil ɗaya ne, rabinsa yana kwance a wani lungu da babu wanda ya san da shi. Na kuma gode wa Allah da ban rubuta nawa ba, domin GISEMENT ɗin tsohon rubutu yake mayarwa, an riga an datse shi a lamba huɗu bayan ɗigo.

Kafin in kwafe shi sai da na karanta shi layi-layi, kuma ina roƙon duk mai karatu ya yi haka. Sunayen acad.lsp da acaddoc.lsp su ne ƙwayoyin cutar AutoCAD suka fi fakewa da su, tunda manhajar da kanta take loda su ba tare da an ce mata ba. A 2012 kamfanin ESET ya bankaɗo wata mai suna ACAD/Medre.A da ta riƙa kwashe zane-zane, akasari daga ƙasar Peru, tana aika su waje ta imel. Irin wannan ne ya sa daga AutoCAD 2014 aka ƙarfafa tsaro da SECURELOAD da TRUSTEDPATHS, saituna biyu da ke sa manhajar ta yi gargaɗi kafin ta loda fayil daga wurin da ba a amince da shi ba. A garin da kile ɗaya ke zagaya ofis biyar da shagon buga takardu a wuni guda, ban yarda a mayar da SECURELOAD sifili don a huta da gargaɗi ba. Na buɗe folda ɗaya a sabuwar kwamfutar, na sa ta cikin hanyoyin dubawa da kuma cikin amintattun wurare, na zuba fayilolin a ciki. Na rufe AutoCAD, na buɗe taswirar hanyar Pitowa, na buga BORNES. Tebur ya fito cif. Na yi sallama na tafi gida.

Gwaji ɗaya na yi, a zane ɗaya, kuma wannan gazawata ce.

Da safe yana yi, da hantsi ya ƙi

Washegari da azahar yarinyar ta kira. "Yaya, abin ya dawo. Da safe ya yi, da na buɗe zane na biyu ya ƙi. Yanzu kuma ko'ina ya ƙi." Ina Ngaundere ranar, sai kwana biyu na samu zuwa.

Rabin farko na maganarta ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. Tun AutoCAD 2000, da aka fara buɗe zane fiye da ɗaya a lokaci guda, kowane zane gidansa daban da katangarsa. Ɗan aiken da aka loda a zane na farko ba ya tsallaka katanga zuwa na biyu. Shi acad.lsp sau ɗaya ake loda shi, a zanen farko da aka buɗe bayan tashin manhaja. Wanda ake lodawa a kowane zane shi ne acaddoc.lsp. Akwai wani saiti mai suna ACADLSPASDOC, in yana kan 1 sai acad.lsp ya riƙa shiga kowane zane, amma asalinsa a kan 0 yake zuwa. Muka sake kafa wa tsohuwar fanka, na buga sunan saitin, ta ce 1. Tsohon mai zanen ya juya shi shekaru da suka wuce, kuma saiti ba ya bin fayil zuwa cikin kile. BORNES kuwa yana shiga kowane zane ta jakar APPLOAD, shi ya sa umarnin yake amsawa ya fara aiki, sai ya zo tebur ya nemi abokin tafiyarsa ya rasa.

Ban juya saitin ba, domin wata rana za a sake sayen kwamfuta a sake mantawa. Na kwashe 'yan aiken nan bakwai na mayar da su cikin BORNES.LSP kansa, kowa ya kwana gida ɗaya. Na sake lodawa, na buga umarnin.

; erreur: no function definition: GISEMENT

Na ɗan yi shiru. Ga defun ɗin ina kallonsa da idona a cikin fayil ɗin da na loda yanzun nan. Na fara zargin ko lodin ne ya katse a tsakiya, domin baka ɗaya da ba a rufe ba takan sa lodi ya tsaya, duk 'yan aiken da ke ƙasa da wurin su zama babu su. Amma lodin ya kai ƙarshe babu ƙorafi. Sai na tambayi manhajar kai tsaye. A layin umarni, in ka sa alamar motsin rai a gaban suna, takan nuna maka abin da ke cikinsa:

!gisement

In babu kowa, nil za ta ce. In ɗan aike ne, za ka ga SUBR ko USUBR da wasu lambobi. Ta nuna mini ɗan aike, yana nan daram. A waje yana nan, a cikin umarnin babu shi. Saƙon dai shi ne na shekaranjiya harafi da harafi, amma ciwon wani ne daban.

Sai a lokacin rabi na biyu na maganar yarinyar ya dawo mini: yanzu kuma ko'ina ya ƙi. Matsalar acad.lsp ba za ta hana zanen farko aiki ba. Wani abu ya canja tsakanin safe da azahar. Na ce, "Ƙanwata, kin taɓa wani abu a cikin fayil ɗin?" Ta sunkuyar da kai ta ce kalma ɗaya ce kawai ta ƙara. Ta nuna mini layin farko na umarnin:

(defun c:BORNES (/ f lst pt n obj gisement)

A makaranta an koya mata harshen da dole ka gabatar da kowane ma'aji a sama kafin ka yi amfani da shi, in ba haka ba a ce ba a san shi ba. Da ta ga an ce ba a san GISEMENT ba, ta ga kuma jerin sunaye bayan wannan karkataccen layi, sai ta yi abin da iliminta ya nuna mata, ta gabatar da shi. Tunani ne mai kyau, a wani harshen ma da ya yi daidai. A AutoLISP kuwa sunayen da ke bayan karkataccen layin na cikin gida ne: da zarar umarni ya fara, ana ajiye duk abin da sunan ke riƙe da shi a gefe, a ba shi nil, sai umarni ya ƙare a mayar masa da kayansa. Kuma harshen ba ya raba sunan ma'aji da sunan ɗan aike, rumbu ɗaya suke, ba ya kuma bambanta babban baƙi da ƙarami. Abin da ya ƙara ɓoye sawun shi ne ba BORNES ne ke kiran GISEMENT da kansa ba, wani ɗan aiken ne mai zana tebur, can ƙasa da layi ɗari. Amma a AutoLISP duk wanda aka kira daga cikin umarni yana ganin sunayen ne yadda umarnin ya bar su. Muddin BORNES na tafiya, GISEMENT wofi ne ga kowa. Da ya faɗi, sai sunan ya koma daidai, ni kuma in tambaya a ce mini lafiya lau.

Na goge kalmar. Tebur ya fito. Na buɗe zane na biyu, na uku, na rufe manhajar na sake buɗewa, na gwada a sabon zane fari fat. Sannan muka ɗauko tsofaffin taswirori uku da aka riga aka buga a takarda tun zamanin tsohuwar kwamfuta, muka sake fitar da teburinsu, ita tana karanto lambobin takarda ina bin na allo. Babu wadda ta saɓa.

Kawu ya so ya yi mata faɗa. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. A ofishin nan ita kaɗai ce ta taɓa buɗe fayil ɗin ta karanta. Kuma da na gwada zane biyu ran nan, da ba ta kai ga taɓa shi ba." Abin da na nema a wurinta ɗaya ne, kafin ta canja ko da harafi ta ajiye kwafi mai kwanan wata, ta kuma rubuta abin da ta canja.

Akwai wata ɓarna da kuskuren ya bari wadda ta fi damuna, kuma ba a layin umarni ta bayyana ba. BORNES yakan kashe maƙalewar linzami a farkon aiki, wato ya mayar da OSMODE sifili don turaku su faɗi daidai lambobinsu, sai ya mayar da shi yadda yake a ƙarshe. Duk lokacin da ya faɗi a tsakiya ba ya kaiwa ga mayarwar. A kwana biyun da ba na nan, yarinyar ta zana iyakar wani fili da hannu, tana danna kan turaku tana zaton layin na maƙalewa. Da muka zuƙo zanen sosai, kusurwa biyu sun kauce wa turakunsu da 'yan santimita. Ba a kai ga buga shi ba. Na ƙara wa umarnin nasa ɗan aiken *error*, wanda AutoLISP ke kira idan aiki ya faɗi, na sa shi ya riƙa mayar da OSMODE ya kuma rufe fayil ɗin lambobin kafin ya fita. Shi wannan sunan a bayan karkataccen layi ya dace ya zauna, don kada ya shafi sauran umarnai, kuma da shi na nuna mata amfanin wurin da ta sa GISEMENT bisa kuskure.

Kawu ya tambaya ko abin zai yi a kwamfutar tafi-da-gidanka da yake fita da ita daji. AutoCAD LT ne a kanta, wato ƙaramin AutoCAD da aka rage wa kayan aiki, tsohuwar siga, kuma LT bai fara karɓar AutoLISP ba sai a sigar 2024, ko a nan ɗin ma babu Express Tools. Na ce masa a wannan dai ba zai yi ba.

A saman BORNES.LSP yanzu akwai layi goma na bayani da Faransanci da Hausa: abin da fayil ɗin ke buƙata, foldar da yake zaune, sunayen 'yan aiken da ke cikinsa da abin da kowanne ke mayarwa. Yarinyar ce ta rubuta su, ni na duba. Akwai kwafi a kile biyu, ɗaya a aljihun teburin Kawu, ɗaya a gidana. Tsohuwar kwamfutar na hana a ba da ita ga masu gwangwan, na cire faifanta na naɗe a leda, domin a foldar nan da muka sami acad.lsp na ga wasu fayiloli huɗu na LSP da har yanzu ban buɗe ba, kuma Kawu ya ce akwai wani umarni da tsohon kan buga idan za a yanka babban fili gida-gida, sunansa ne ya kwanta masa.